Mota da Ruwa a Abuja: Abin da Tsofaffin Direbobi Suka Sani

Duk wanda yake Abuja a watan Oktoban 2022 zai tuna da dogayen layukan da aka yi ta bi a gidajen mai. Ambaliya ce ta shafe hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe, tankoki suka kasa wucewa. Shekara goma kafin nan, a Satumban 2012, ruwa ya taɓa rufe wannan hanya. Duk lokacin da haka ta faru, sai an samu mai jif da zai ce motarsa tana da tsayi, ya afka, inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Da ya tambayi direbobin da, da sun faɗa masa cewa abin dubawa shi ne inda mota take shaƙar iska.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta samar da sabon babban birnin tarayya. A lokacin, yankin daji ne da ƙauyuka, kwalta kaɗan ce, rafuka kuwa birjik, suna zuba cikin Gurara da Usuma. Ma'aikatan farko a Suleja suka zauna, wato tsohuwar Abuja, daga can ake shiga daji. Kafin gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disambar 1991, direban da ke wannan aiki dole ya iya ƙetare rafi da damina, irin su Land Rover kuma su ne dokin tafiya.

Injin mota numfashi yake yi. Yana zuƙar iska ta matacin iska, fistan ya matse ta tare da mai, wuta ta kama. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya shiga silinda, fistan ya taso ya ci karo da shi, ƙarfen da ke riƙe da fistan sai ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci har ya ɓula jikin inji. Ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa. Injin dizal ya fi shiga haɗari, domin matsinsa ya fi na fetur ƙarfi.

Sojoji ne suka fara ɗaukar wannan matsala da gaske. Kafin sojojin ƙawance su sauka a gaɓar Nomandi ta Faransa a ranar 6 ga Yunin 1944, sai da aka bi motocinsu aka toshe duk kafar da ruwa zai shiga, aka ɗaga bututun iska sama, domin daga jirgi cikin teku za su faɗa. Land Rover ta fito a 1948, Land Cruiser ta biyo baya a farkon shekarun 1950, dabarar kuma ta bi su. Ita ce wannan bututu da kuke gani a gefen gilashin wasu Hilux da Land Cruiser, bakinsa a saitin rufin mota.

Direbobinmu da ba su da bututun, dabara suka sa. Ana tsayawa a bakin rafi inji ya huce. Yaron mota ya shiga da sanda ya auna zurfi, ya taka ƙasa ya ji ko yashi ne ko laka. A ɗaura tamfol ko buhu a gaban lagireto don ya ture ruwa. A sassauta fanbel, kada fanka ta watsa ruwa kan filogi ko ta lanƙwashe ta huda lagireto. Sannan a sa ƙaramar giya, a shiga a hankali, ba gudu, ba canza giya, ba tsayawa. In an fita, a riƙa taka birki har ya bushe, a zaro ma'aunin baƙin mai a duba. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In kuwa mota ta mutu a cikin ruwa, ba a sake murza makulli. Jawo ta ake yi, a cire filogi, a fitar da ruwan tukuna.

Motocin yau sun fi na da saurin jin ciwo, saboda kwamfuta da wayoyin da ke cikinsu, wasu kuma bakin iskarsu a ƙasa yake, kusa da bamba. Ko mai bututu bai tsira ba, don ruwa yakan bi ta kafofin numfashin giya da aksul ya gurɓata mai. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma ya tafi da jif.

Abuja ta samu gadoji, amma rafukan suna nan ƙarƙashin unguwanni. Abin da ya faru a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023, inda ruwa ya shanye gidaje da motoci, ya isa shaida. Mai bin hanyoyin ƙauyukan Kuje, Kwali ko Abaji da damina ya buɗe bonet tun a gida, ya ga inda bakin iskar motarsa yake. In ya iske ruwan da bai san zurfinsa ba, ya jira ya janye. Tsofaffin direbobi sukan kwana a bakin rafi, ba su ɗauke shi abin kunya ba.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.