Yadda aka koya wa ciko kama haƙori

Cikon amalgam, wanda ake haɗawa da azurfa da zaiba, ba ya manne wa haƙori. Likita ne ke faɗaɗa ramin ta ciki, ya bar bakinsa a tsuke, don cikon ya maƙale. Ta haka aka yi asarar lafiyayyen haƙori mai yawa.

A 1949 wani masanin sinadarai ɗan Suwizalan, Oskar Hagger, ya haɗa mannen Sevriton, amma bai yi ƙarko ba. Ƙofar ta buɗe ne a 1955, lokacin da Michael Buonocore na Rochester a Amurka ya lura cewa masana'antu kan wanke ƙarfe da asid kafin fenti. Ya shafa asid ɗin fosforik a kan inamel, farin ɓawon haƙori, na daƙiƙa 30. Asid ɗin ya bar ƙananan ramuka, roba ta shige ta daskare a ciki. Da Rafael Bowen ya samar da robar Bis-GMA a 1962, farin ciko ya samu gindin zama. Har yau babu mai jayayya kan inamel.

Dantin, wato ƙashin da ke ƙarƙashin inamel, shi ne ya wahalar da masana. Kusan kashi 96 cikin 100 na inamel ma'adini ne, dantin kuwa kusan kashi 70, sauran zaren kolajin ne da ruwa. Ga ƙananan bututu da ke tsatso ruwa daga jijiya, ga dattin da injin huda ke shafewa a kai. Manna roba a nan tamkar yin fenti ne a jiƙaƙƙen bango. Mannen farko-farko kan riƙe da ƙarfin megafaskal 2 zuwa 3, alhali robar da ke tsukewa wajen daskarewa tana bukatar kusan 17. Ciko ya ɓanɓare ta gefe, maras lafiya ya dawo yana kukan ruwan sanyi.

Japanawa ne suka fara warware ƙullin. A 1979 Takao Fusayama na Tokyo ya ce a zuba asid a kan dantin ɗin ma. A Amurka da Turai an daɗe ana ɗari-ɗari da shawarar, don tsoron kashe jijiya. A 1982 Nobuo Nakabayashi ya nuna abin da ke faruwa: asid na cire ma'adini ya bar zaren kolajin a fili, roba ta ratsa zaren, su zama abu guda. Daga baya John Kanca ya nuna cewa busar da dantin ƙarau na ruguza zaren, gara a bar shi da ɗan laima. Kamfanin Kuraray kuma ya ƙirƙiro sinadarin MDP, mai kama kalsiyam ɗin haƙori kai tsaye.

Daga nan kasuwa ta karɓe ragama. Kwalba uku ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya, kowace da alƙawarin sauri. Sai dai alƙaluman ɗakin gwaji na kwana ɗaya ba su faɗin abin da zai faru bayan shekara biyar a baki. Masu binciken jami'ar Leuven a Beljiyam, su Bart Van Meerbeek da Marleen Peumans, sun bi cikon wuyan haƙori, inda babu abin da ke riƙe ciko sai manne. Bayan shekara 13, fiye da kashi 90 cikin 100 na cikon da aka yi da OptiBond FL mai mataki uku da Clearfil SE Bond mai mataki biyu suna nan daram. Da yawa daga mannen kwalba ɗaya na farko, musamman masu zafin asid, sun gaza, don suna zuƙar ruwa su ruɓe. Abin takaici ne a sayar wa likita minti ɗaya, maras lafiya ya biya da shekaru.

Wanda ya fi kowa zama a wuyan haƙori kuwa shi ne cikon gilas ayonoma, da Wilson da Kent suka bayyana a Landan a 1972, ko da yake bai kai farin ciko kyau da jure tauna ba. Da shi Jo Frencken ya gina dabarar cike haƙori da kayan hannu kawai, wadda ya faro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, domin asibitocin karkara da ba su da lantarki.