Yadda J. B. Danquah ya samo wa ƙasarsa sunan Ghana

Kafin Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, sunan da Turawa suka laƙaba wa ƙasar shi ne Gwalkwas, wato Gaɓar Zinariya, sunan da ke nuna abin da 'yan kasuwar Turai suka zo kwasa. Mutumin da ya fi kowa dagewa a kan a canza shi, shi ne Dakta Joseph Boakye Danquah, lauya, masanin tarihi kuma ɗan siyasa.

An haifi Danquah a watan Disamba 1895 a garin Bepong na ƙasar Kwahu. Yayansa, Nana Ofori Atta na ɗaya, sarkin Akyem Abuakwa, shi ya tura shi Ingila karatu a 1921. Ya zama lauya a 1926, shekara ta zagayo ya samu digirin digirgir a fannin falsafa daga Jami'ar Landan, sannan ya komo gida. A 1928 ya fitar da littafi a kan dokoki da al'adun Akan, don ya nuna cewa mutanensa suna da tsarin mulki da shari'a tun kafin zuwan Bature.

A 1934 ya je Landan cikin tawagar masu kai ƙorafi ga gwamnatin Birtaniya. Da aikin ya ƙare sai ya zauna, ya duƙufa bincike a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya. Can ya bi diddigin tsohuwar daular Ghana ta Soninkawa, wadda ta yi zamani a yankin da yau yake Mali da Muritaniya, wadda kuma malamin Andalus, al-Bakri, ya bayyana arzikinta na zinariya a ƙarni na 11. Danquah ya yi imani cewa kakannin Akan daga can suka yi ƙaura zuwa kudu. Masana tarihi da yawa ba su gamsu da wannan hujja ba, amma manufarsa ta ratsa zukata: al'ummar da ke neman 'yanci tana buƙatar suna daga tarihin Afirka.

A watan Agusta 1947 ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar UGCC a Saltpond, wadda ta gayyato Kwame Nkrumah ya zama sakatarenta. Bayan harbe tsofaffin sojoji uku a Akara ranar 28 ga Fabrairu 1948 da tarzomar da ta biyo baya, Turawa suka tsare jagorori shida, har da su biyun. Tafiyar ba ta ɗore ba, domin a 1949 Nkrumah ya ɓalle ya kafa jam'iyyar CPP, kuma a hannunsa ƙasa ta karɓi 'yanci da sunan da Danquah ya yi wa fafutuka.

Abin takaici shi ne yadda aka saka masa. Ya kara da Nkrumah a zaɓen shugaban ƙasa na 1960 ya faɗi. Aka tsare shi ba tare da shari'a ba a 1961, aka sake shi a 1962, aka kuma kama shi a 1964. Ya rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairu 1965. Lauyan da ya ƙare rayuwarsa yana kare 'yancin ɗan ƙasa a gaban kotu, bai samu ko da rana ɗaya a gaban alƙali ba don ya kare kansa.