ZARE: Daren da rana ta kama wata, daga Busa zuwa Gusau

1/ Jama'a, yau tarihi za mu taɓa. Kun san abin nan da kakanninmu ke cewa "rana ta kama wata", wasu su ce "wata ya yi zazzaɓi"? Baƙin da suka ratsa ƙasashenmu kusan shekara 200 da suka wuce sun gani da idonsu, sun kuma rubuta. Zaren yana da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/ Wanda ya tashi a Gusau, Tsafe ko Bungudu, ya tambayi kakarsa yadda ake yi a da. Daren sha huɗu ko sha biyar, farin wata fes, sai a ga gefensa ya fara cinyewa. Nan take yara su fito da gwangwani, tsofaffin kwanoni da faranti, ana bugawa ana zaga unguwa, ana roƙon a saki wata. Manya kuma su ɗauki buta.

3/ Abin da ya kamata ku riƙe tun yanzu: a wannan al'ada wata abin tausayi ne. An kama shi, ko ba shi da lafiya, mutanen gari suka fito ceto. Babu wanda ake nema a daka. Za mu dawo kan wannan maganar a ƙasa, don a nan ne darasin yake.

4/ Mu koma 1830. Wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, sun zo neman inda kogin Kwara yake faɗawa. Richard ba baƙo ba ne a nan. Shi ne yaron Kyaftin Clapperton, kuma a hannunsa Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827.

5/ Daren 2 ga Satumba 1830 suna garin Busa, ƙasar Bargu, bakin Kwara. Busa ba ƙasar Hausa ba ce, amma hanyar fataken goro ce masu zuwa Gwanja, don haka Hausawa da malamai ba su yankewa a garin. Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.

6/ Wajen ƙarfe 10 na dare sun kwanta, sai ihu ya tashe su. Wanda ya faɗo ɗakin da labari tafintansu ne, wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pascoe. Mutumin da bauta ta fitar da shi ƙasarsa, ya yi aikin jirgin ruwan Ingila, ya ga duniya. Amma jikinsa na rawa ya ce musu rana ce ke jan wata a sama.

7/ Da suka fito, garin duk ya hallara a filin ƙofar fada. Ganguna, ƙaho, ƙarafa, duk abin da zai yi ƙara an ɗauko. Sarki da matarsa ma hankalinsu a tashe. Husufi ne cikakke, wata ya rufe ruf. Ba a daina kiɗa ba sai da haske ya dawo.

8/ Bayanin da aka ba su a daren shi ne abin sha'awa. An ce wata ya gaji da hanyarsa saboda cike take da ƙaya, sai ya saci jiki ya hau hanyar rana. Rana ta gan shi, ta cafke, tana ƙoƙarin mayar da shi turbarsa. Ana kiɗan ne don rana ta firgita ta sake shi.

9/ Yanzu ku tsallaka shekara 83. A 1913 wani Baturen mulki, Manjo Tremearne, wanda ya yi aiki a yankin Jama'a, ya buga littafi kan camfe-camfe da al'adun Hausawa. Mene ne a ciki? Wannan labarin dai. Hanyar wata ƙaya ce, ta rana yashi ce mai laushi, in wata ya gaji ya hau ta rana sai ta kama shi, mutane su ɗauko ganguna suna ba ta haƙuri.

10/ Ya kawo wani kuma. Wai rana ce ta haihu, ta ba wata riƙon 'yarta za ta je wanka. Yarinya ta ƙona shi, ya sake ta ta faɗo ƙasa, shi ya sa muke jin zafi. Tun daga nan rana ke bin wata da gaba. Ku lura, a Hausa rana mace ce, wata namiji. Labarin ya bi harshen sau da ƙafa.

11/ Kun ga ke nan labari ɗaya ya rayu daga bakin Kwara zuwa kudancin Kaduna, tsawon kusan ƙarni, ba takarda ba rediyo. Fatake ne, da almajirai, da tsofaffi masu tatsuniya suka ɗauke shi gari gari.

12/ To amma fa a karanta waɗannan littattafai da lura. 'Yan Lander sun zana mutanen Busa kamar wasu mahaukata masu tsalle a duhu. Baƙo idonsa na kan abin da ya fi ƙara. Mai ganga a fili shi ake gani. Malamin da ke zaure yana lissafin kwanan wata, ba kowa ke leƙa shi ba.

13/ Ga misali daga bakin Clapperton kansa. A 1824 ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya nuna masa taswirar taurari. Sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Shekara 6 ke nan kafin daren Busa.

14/ Kafin nan ma akwai Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya tafi Hajji ya zauna a Alƙahira yana rubuce-rubuce har ya rasu can a 1741. Wato a ƙasa ɗaya, a zamani ɗaya, ga mai gwangwani ga mai allo da alƙalami. Wani lokaci ma gidansu ɗaya.

15/ Kuma kada wani ya ce muku kiɗan husufi namu ne mu kaɗai. Marubucin tarihin Rumawa, Tacitus, ya ba da labarin sojojin Rum da suka yi bore a shekara ta 14 Miladiyya. Da wata ya yi duhu, tagulla suka riƙa bugawa suna busa ƙaho don haskensa ya dawo. Kakannin Turai ke nan.

16/ Mu leƙa Tailan, wadda a da ake kira Siyam. Su a wurinsu wani dodo ne mai suna Rahu yake haɗiye wata. Maganinsa? A buga tukwane da ganguna, a harba bindiga, a kunna abin fashewa har ya amayar da shi. Har gobe akwai masu kai wa Rahu baƙaƙen abinci a wuraren bautarsu.

17/ Su ma baƙi sun rubuta a kansu. Ranar 11 ga Disamba 1685, Sarki Narai ya kalli husufin wata a kusa da birnin Lopburi tare da wasu limaman Katolika 'yan Faransa da Sarki Louis na 14 ya turo. Da madubin hangen nesa ya kalla, yana ta yi musu tambayoyi.

18/ Ɗaya daga cikinsu, Guy Tachard, ya rubuta cewa masanin taurarin fadar ya riga ya faɗi lokacin husufin, bai kuskure ba sai da kamar kwata na awa, ko da yake bai dace ba wajen tsawonsa. A waje talakawa na korar Rahu, a fada ana lissafi. Daidai da abin da muka gani tsakanin Busa da Sakkwato.

19/ Wani sarkin nasu, Mongkut, da kansa ya lissafa kusufin rana na 18 ga Agusta 1868, ya gayyaci Turawa zuwa ƙauyen Wa Ko su shaida. Lissafi ya fita daidai. Sai dai wurin matattarar sauro ce. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu 1 ga Oktoba na shekarar. Har yau 18 ga Agusta ce ranar kimiyya a Tailan.

20/ Me ke faruwa a zahiri? Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa. Idan duniya ta shiga tsakaninsu suka yi layi ɗaya, inuwar duniya ta faɗa kan wata. Shi ya sa husufin wata ba ya zuwa sai tsakiyar wata, kusufin rana kuma sai ƙarshensa.

21/ Me ya sa ba duk wata ba? Saboda hanyar wata ta karkace da kamar digiri 5, yawanci yakan wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Jan da yake yi kuwa, hasken rana ne da ya ratso iskar da ta lulluɓe duniya, irin jan da kuke gani a yamma gab da magariba.

22/ Ga sirrin da ya sa kiɗan bai taɓa "faɗuwa" ba. Rufewar wata ruf ba ta kai awa biyu. Wadda ta fi tsawo a wannan ƙarni ita ce ta 27 ga Yuli 2018, awa 1 da minti 43, kuma an gan ta a nan. Duk wanda ya daure yana bugawa, dole ya ga an saki wata. Gobe wa zai ce masa ba gangarsa ba ce?

23/ Addini kuwa ya warware maganar tun farko. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce don rasuwar ne. Ya gyara musu: ayoyin Allah ne, ba su yin haka don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla da addu'a.

24/ Wanda ya yi karatun zaure ya sani, a Risala ma akwai babin. Kusufin rana ana sallarsa cikin jam'i, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu. Na wata kuwa a mazhabar Malikiyya kowa ya yi nafilarsa shi kaɗai, raka'a bibbiyu. Babu inda aka ce a fita neman mai laifi.

25/ Amma an fita. Daren 9 ga Janairu 2001 aka yi cikakken husufin wata. A Maiduguri wasu matasa suka ce zunuban mutanen gari ne suka jawo, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna wuta. Sai da jami'an tsaro suka shiga. Kafofin duniya irin su BBC suka ɗauka, aka yi ta yawo da sunan Arewa.

26/ Ku kwatanta. Yaran da ke buga gwangwani sun jahilci dalili, amma tausayi ya fito da su, kuma da safe kowa na gidansa lafiya. Na 2001 sun ɗauki fassarar da hadisi ya riga ya rushe, suka ƙona dukiyar mutane da ita. Alhali an san ranar wannan husufin da mintinsa tun kafin a haifi waɗanda ake zargin.

27/ Shekara 5 bayan haka jarrabawar ta zo Zamfara. Laraba, 29 ga Maris 2006, ƙarshen Safar 1427, 'yan kwanaki bayan ƙidayar jama'a. Inuwar wata ta taso daga Brazil, ta ratsa Gana, Togo da Binin, ta shigo Najeriya ta bi ta kan Gusau, Tsafe da Bungudu, ta wuce Katsina, Maraɗi da Damagaram.

28/ Wajen ƙarfe 10:30 na safe, rana tsaka da aiki, gari ya yi duhu fiye da minti 3. Gusau na kusa da tsakiyar hanyar inuwar, don haka abin da Legas da Abuja suka ga ɓangarensa kawai, daga gindin Dutsen Kwatarkwashi an gan shi cikakke. Masu shekara 25 zuwa sama, ku tuna inda kuke a ranar.

29/ Bambancin wannan karon shi ne an faɗa tun kafin ya zo. Hukuma ta yi sanarwa, gidajen rediyo suka yi ta maimaitawa, har da gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara. Abin da aka gaya maka ranarsa da sa'arsa ba ya firgita ka kamar wanda ya faɗo maka kana barci.

30/ Sanin lokacin ma makami ne, ya danganta da hannun da ya riƙe shi. A 29 ga Fabrairu 1504 Columbus ya maƙale a Jamaika, mutanen tsibirin suka daina ba shi abinci. Ya duba littafin taurari, ya ce musu Ubangijinsa zai ɗauke wata a daren. Wata ya yi ja, suka kawo abinci suna kuka.

31/ Irin Columbus ba su ƙare ba, sun dai koma WhatsApp. Duk sanda husufi ya gabato za ku ga saƙon murya: wai alamar mutuwar wani babba ce, wai saboda shigar 'yan mata ne, wai a tura wa mutum goma. A jihar da mutane ke kwana da fargaba dama, irin wannan saƙo ba wasa ba ne.

32/ Don haka ga wanda za ku riƙe: 2 ga Agusta 2027 akwai kusufin rana. Zai rufe ruf a Luxor ta Masar, da Jidda da Makka, mu a Arewa mu ga wani ɓangare. An riga an lissafa. Ku gaya wa na gida tun da wuri, kada a kalla ba tabaran da aka yi don haka, kuma in an kira salla a je.

33/ Kafin nan, aiki ɗaya. In kuna da tsoho ko tsohuwa a gida, ku kunna rikodar waya ku tambaye su yadda ake yi in wata ya yi zazzaɓi a garinku, me ake bugawa, me ake faɗa. Na 1830 da 1913 baƙi ne suka rubuta mana, da idonsu da son ransu. Ku ajiye na Tsafe, Bungudu da Gusau a ƙasan zaren nan, da sunan unguwa.