Daga Rediyon Kaduna Zuwa Wayar Hannu: Yadda Muryar 'Yan Ra'ayin Riƙau Ta Sauya

Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu kafin a raba mu da Sakkwato a 1991 ya san cewa sharhin da ke gyara tunanin jama'a daga akwatin rediyo yake fitowa. In ba Rima Rediyo ba, to Rediyon Kaduna, inda tun cikin shekarun 1960 ake jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Daga baya aka ba Sheikh Dahiru Bauchi nasa filin. Masu magana kaɗan ne, kowa ya san sunansu da malamansu, kuma gidan rediyon na gwamnati ne.

Kaset ne ya fara ɓalle wannan ƙofa. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, wa'azi ya shiga tasha da shago ba tare da izinin kowane manaja ba. Abin lura, ta wannan kasuwa ta kaset ɗin finafinanmu suka biyo, tun daga Turmin Danya a 1990. Ashe mai wa'azi da ɗan fim kwastoma ɗaya suke nema, shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa.

A shekarun 1990, sukar littattafan soyayya a jarida ake yin ta. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su a New Nigerian. An yi zafi ƙwarai, amma hujja ake kawowa a mayar da hujja, ba a ɗaure kowa ba.

Da Shari'a ta zo a 2000, har da nan Kebbi, sai sukar ta samu ofis da hatimi. Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda dokar 1992 ta ba dama, irin su Freedom da aka buɗe a 2003, suka ba mai sauraro damar bugo waya ya faɗi nasa. Irin haka ta faru a Amurka bayan soke dokar daidaita ra'ayoyi a 1987, inda Rush Limbaugh ya gano cewa fushi yana tara jama'a. A 2007 Gwamna Shekarau ya jagoranci ƙona littattafai ƙarƙashin A Daidaita Sahu. Badaƙalar Hiyana ta biyo baya, aka naɗa Abubakar Rabo, aka ɗaure Adam A. Zango, sannan Iyan-Tama a 2008. Duk da tsananin lokacin, akwai kotu, akwai lauya, akwai ɗaukaka ƙara.

To, yanzu fa? A 2016 gwamnatin Buhari ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan huɗubobi da caa a Facebook, ba tare da wata hukuma ta zauna ba. A shekarar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙarta da ClassiQ, a 2020 kuma hotunanta suka sake tayar da ƙura a Twitter. Malamai sun samu tashoshinsu irin su Sunnah TV da Manara, amma wanda ya fi su amo shi ne yaron da ke yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu ya watsa a TikTok don ya tara mabiya.

Mai karatu, zargin bai canza ba, "gurɓata tarbiyya" ne tun jiya. Mai yanke hukuncin ne ya canza: daga malamin da aka sani, zuwa hukuma, zuwa taron da ba shi da fuska. Marubuciyar da ke sayar da littafinta ta WhatsApp daga Argungu ba dokar Kano take tsoro ba, hoton shafi ɗaya take tsoro a yaɗa. Suka halal ce, kuma industiri na buƙatarta. Abin da muke roƙo shi ne mai sukar ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya sa sunansa, ya kuma tsaya ya ji amsa.