FASHIN BAƘI: Yadda ruwa ke shiga man dizal da fetur, da hanyoyin fitar da shi

Duk makanikin da ya daɗe yana kwance injin dizal ya san alamar: mota ta riƙa tari, janareta ya riƙa tuntuɓe, a buɗe matacin mai a tarar da dauɗa baƙa mai yauƙi. Sau da yawa ruwa ne sanadi. Yana shiga ta murfin tankin ƙarƙashin ƙasa da ya lalace a gidan mai, musamman da damina, ko ta raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba idan dare ya yi sanyi, ko ta jarka da duron da aka bari a buɗe. Akwai kuma wanda hannun mutum ke zubawa don ƙara awo.

Ruwa yana zama cikin mai ta fuska uku, kuma kowace da maganinta. Akwai wanda ya ware ya kwanta a ƙasa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta dizal kuwa kimanin giram 840. Akwai wanda ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo da ke yawo, shi ne ke sa mai ya yi hazo. Na uku ya narke ne gaba ɗaya, ido ba ya ganinsa, sai sanyi ya sauko ya fito fili.

Na farkon ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. A bar mai ya natsu, a buɗe fanfon ƙasan tanki a tsiyaye. Gano shi ma da sauƙi: akwai wani man shafawa da ake lakata a bakin sandar awo, a zura ta har ƙasan tanki, idan ta taɓa ruwa launinsa ya sauya. Aikin mintuna ne, kuma gidan man da ba ya yin sa, a ganina, sakaci ne kawai. A iyakar da ruwa da mai suka haɗu ne bakteriya da fumfuna ke rayuwa, suna cin man, suna barin laka da asid mai cin ƙarfe.

Na biyu sai da na'ura. Ana tura man ta cikin wani mataci mai zaruruwa da ke tattara ƙananan ɗigo su zama manya har su faɗi ƙasa. Irinsa ne ake amfani da shi wa man jiragen sama. Manyan jiragen ruwa kuwa suna da injin da ke juya mai da matsanancin gudu, ruwan ya koma gefe saboda nauyinsa. Narkakken ruwa shi ne mai taurin kai. Ko dai a ɗumama man cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, inda ruwa ke tafasa ƙasa da digiri 100 ba tare da man ya ƙone ba, ko a bi da shi ta cikin ƙwayoyin silika ko ziyolait masu shanye danshi.

Matsalar ta fi tsanani ga bayodizal, wato dizal ɗin da ake haɗawa daga man tsirrai, kamar na bini-da-zugu ko man suya da aka gama amfani da shi. Ana haɗa man ne da metanol da soda, kuma idan akwai ruwa a wannan mataki, sabulu ake samu a madadin wani kaso na man. Bayan an gama, sau da yawa da ruwa ake wanke shi don cire ragowar soda da gilisarin, sannan a sake busar da shi. Ko bayan haka, yana jan danshi daga iska fiye da dizal na fetur nesa ba kusa ba, kuma idan ruwan ya daɗe a ciki yana warware shi ya koma asid. Ƙa'idar Turai ta EN 14214 ta iyakance ruwa a miligiram 500 cikin kowane kilo na bayodizal, ta EN 590 kuma miligiram 200 ga dizal. A duro mai cin lita 200 na bayodizal, abin da aka yarda da shi bai kai rabin kofin shayi ba. Irin wannan ƙanƙanin adadi sai ɗakin gwaji, da dabarar da Bajamushe Karl Fischer ya fitar a 1935.

Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007, wadda ta yi hasashen gauraya itanol kashi 10 cikin 100 a fetur, da bayodizal har kashi 20 a dizal. Itanol, kamar ɗan'uwansa metanol, abokin ruwa ne: idan danshi ya yi yawa, su biyun suna barin fetur su sauka ƙasan tanki tare, daidai inda fanfo ke zuƙa. A Fabrairun 2022, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa an samu metanol a fetur ɗin da jirage 4 suka kawo daga Antwerp ta Beljiyam, kuma gwajin da aka saba yi a tashoshin lodi da na sauke kaya bai haɗa da auna shi ba. Motoci sun lalace, layuka suka dawo gidajen mai na makonni.

Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin ingancin man da ake sayarwa daga defo zuwa bakin fanfo. Mai saye kuwa abin da ke hannunsa kaɗan ne: ya zuba man cikin kwalba mai tsabta, ya ajiye na ɗan lokaci, ya duba ko ya yi hazo ko wani abu ya kwanta a ƙasa.