Gida na Shirin Kuɓucewa, Inshora na Wuyan Wa?

Tun ƙarshen ƙarni na 19, takardun inshorar gobara a Amurka suke ɗauke da sharaɗin da ke kare mai ba da bashi. Idan gidan da aka jinginar ya ƙone, banki ne zai fara karɓar diyya gwargwadon abin da yake bi, ko da mai gidan ya saɓa wa ƙa'idar inshorar. Biyan kuɗin inshorar kuwa yana wuyan mai gida har ranar da aka yi gwanjon gidan, sunan wani ya maye gurbin nasa a takardar mallaka.

Ba a san nauyin wannan ƙa'ida sosai ba sai da kasuwar gidaje ta durƙushe a 2007 da 2008. Miliyoyin iyalai suka kasa biyan bashi, da yawa kuma inshorarsu ta yanke. Yarjejeniyar jingina ta bai wa banki ikon sayen wata inshorar da kansa, ya ɗora kuɗinta a kan bashin. Galibi ginin kaɗai take karewa. Babu ruwanta da kayan cikin gida, balle diyyar wanda ya ji rauni a harabar.

A 2012 hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York, ƙarƙashin Benjamin Lawsky, ta binciki lamarin. Ta gano cewa farashin wannan inshora ta dole yakan ninka na wadda mutum ya saya da kansa sau biyu zuwa goma, kuma kamfanoni biyu, Assurant da QBE, su suka mamaye kasuwar. Dalilin tsadar a fili yake: banki ne ke zaɓen kamfani, yana kuma karɓar kamasho, amma mai gida ne ke biya. A 2013 Assurant ya amince ya biya tarar dala miliyan 14, QBE kuma miliyan 10.

Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta share fagen gyara, ƙa'idojinta suka fara aiki a Janairun 2014. Yanzu sai an aika wa mai gida sanarwa aƙalla kwana 45 kafin a caje shi, a kuma sake tunatar da shi. Da zarar ya nuna shaidar tasa inshorar, dole a soke ta bankin cikin kwana 15, a mayar masa da kuɗin kwanakin da aka biya sau biyu.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka tattara kayansu tun da takardar kotu ta iso. Sau da yawa banki yakan jingine shari'ar, gidan ya zauna kango da sunansu, haraji da tarar hukuma suna taruwa. Ga shi yawancin takardun inshora suna rage kariya idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa. Sai a 2016 New York ta wajabta wa bankuna kula da irin waɗannan gidaje.

Ga ɗan'uwan da ke biyan bashin gida a Amurka, ƙa'idar tana nan yadda take: takardar ƙwace gida ba ta sauke masa nauyi. Muddin sunansa na kan takardar mallaka, ya riƙe inshorarsa, ya kuma sanar da kamfanin idan ya tashi.