Na Biyu Ya Fito? Magajin Littafin Ban Tsoro A Gaban Kyamara

Duk wanda ya zauna Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a farkon shekarun 1990, in dai yana da ƙishirwar karance-karance, ba zai manta da tambayar nan ba: "Na biyu ya fito?" Da ita ake yi wa mai shagon hayar littattafai sallama tun kafin a tambaye shi gajiya. Marubutan wancan lokaci, irin su 'yan ƙungiyar Raina Kama, da kuɗin aljihunsu suke buga littattafansu. Saboda haka sai a raba labari gida biyu ko uku, a buga na ɗaya, in Allah Ya sa ya sayu a ɗebi kuɗin a kai na biyu maɗaba'a. A kan katse labarin daidai inda numfashin mai karatu ya tsaya, a ce masa ya tari littafi na gaba.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne, kwanan baya wani ƙanena a harkar rubutu ya tare ni bayan taro ya ce, "Malam, masu fim sun ɗauki labarina na aljanu, amma sun kashe mini malamin da ke ciki, alhali kuwa a kansa na gina littafi na biyu. Yanzu suna son na biyun. Yaya zan yi?" Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta girme shi, ta kuma girme ni. Tarihinta nake son in ɗan bi a wannan muƙala.

Da farko ya kamata mu bambance "na biyu" iri biyu. Akwai labari guda da aka yanka saboda halin kasuwa, kamar yadda na bayyana a sama. Akwai kuma wanda zan kira magaji, wato labari ya riga ya ƙare, an rufe littafi, sai bayan shekaru marubucin ya waiwayo ya tambayi kansa me ya sami waɗanda suka tsira. Na farkon bai cika ba masu fim wahala ba, sai su haɗe shi wuri guda, ko su ma su raba kaset ɗinsu gida biyu. Na biyun shi ne mai ƙura.

Sauya littafin Hausa zuwa fim ba yau aka fara ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Adamu Halilu ya mai da shi fim na majigi a 1976. Amma ambaliyar ta zo ne tare da bidiyo. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, marubutan Kano suka ga ai ga wata kasuwa a ƙofar gida. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka buga a 1991, ya zama fim a 1994. Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata da Kwabon Masoyi na Adamu Muhammad da Rikicin Duniya na Ɗan'azumi Baba da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa duk sun bi wannan hanya. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Abdulkarim Muhammad ya ɗauke shi a 1998. A ɓangaren ban tsoro da al'ajabi kuwa, Sirrinsu na Maje El-Hajeej yana cikin waɗanda suka shiga kyamara.

Labarin soyayya ya fi sauƙin ƙaura, domin saurayi da budurwa da iyaye masu taurin kai ba su da wuyar samu. Labarin tsoro kuwa da ciwonsa yake zuwa. A tatsuniya, kaka ba ta taɓa siffanta mana Dodo daga kai har ƙafa ba. Ta ce yana da gashi, yana da ƙatuwar murya, sauran kuma duhun tsakar gida ya ƙarasa mana. Haka ma littafi: marubuci ya ce wata inuwa ta gifta ta bayan rijiya, kowane mai karatu sai ya ɗauko aljanin da shi kansa yake tsoro ya ajiye a wurin. Kyamara ba ta da wannan gata, dole ta nuna. Mai ɗaukar bidiyo na shekarun 1990, da kyamararsa guda da fitilarsa guda, abin da ke hannunsa shi ne farar hoda a fuska, da dariya mai amsa kuwwa, da tsohuwar dabarar tsai da kyamara a janye mutum a ci gaba da ɗauka, ya zama ya ɓace ke nan (dabarar da Georges Méliès yake yi a Faransa tun 1896). Sau da yawa wurin da ya hana mu barci a takarda, a allo dariya ya ba mu. Ba don raini na faɗi haka ba, da abin da suke da shi suka yi aiki.

To, wannan ciwon littafi na ɗaya ke nan. Magaji kuwa yana da wani ciwon a kan wannan, kuma misalin da ya fi fito da shi fili yana Amurka.

A 1977 Stephen King ya buga The Shining. Labarin wani marubuci ne mashayi, Jack Torrance, wanda ya karɓi aikin gadin wani ƙaton otal mai suna Overlook a kan duwatsun Colorado lokacin hunturu, shi da matarsa Wendy da ɗansu Danny, yaro mai ganin abin da ba kowa ke gani ba. Fatalwowin otal ɗin suka shiga uban ta ƙofar rauninsa har ya tasar wa iyalinsa. A ƙarshen littafin, tukunyar tururin da ke ɗumama otal ɗin ta fashe, wuta ta cinye ginin da Jack a ciki. Yaron da uwarsa suka tsira tare da kukun otal ɗin, Dick Hallorann, wanda ya dawo ceton su.

A 1980 Stanley Kubrick ya mai da shi fim, ya kuma yi masa aski. Ya sa Jack ya sare kukun da gatari tun shigowarsa. Ya ƙirƙiro wani lambu mai lungunan ɓad-da-bami, inda sanyi ya daskarar da Jack. Otal kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. King bai ɓoye ƙin jinin fim ɗin ba. Ƙorafinsa shi ne Jack na fim tun fitowarsa da alamar taɓuwa, alhali nasa mutumin kirki ne da giya da otal suka ci da yaƙi sannu a hankali, kuma an mai da Wendy mace marar kataɓus sai kururuwa. Abin ya dame shi har ya rubuta nasa na talabijin, aka nuna a 1997. Amma duniya ta riga ta zaɓa. In aka ambaci labarin, fuskar Jack Nicholson a jikin tsagaggiyar ƙofa ake tunawa.

Sai bayan shekara 36, a 2013, King ya buga magajin, Doctor Sleep. Danny ya girma, ya gaji shan uban, ya faɗi warwas, sannan ya miƙe ya sami aiki a gidan jinyar masu jiran ajali a New Hampshire, yana amfani da baiwarsa wajen sauƙaƙa musu fitar rai. Can kuma ga wani ayari na masu yawo a motoci, ƙarƙashin wata mata Rose, waɗanda ke azabtar da yara masu irin baiwar su sha tururin da ke fita daga gare su, kusan dai yadda muke ba da labarin maita. Sun ƙyallo wata yarinya, Abra. King ya rubuta wannan ne a matsayin ci gaban littafinsa, kamar ba a taɓa yin fim ba: otal ya ƙone tuntuni, kuku yana raye a farkon labarin, gumurzun ƙarshe kuma a filin da otal ɗin ya taɓa tsayuwa aka yi shi.

Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin Mike Flanagan, daraktan da ya ɗauki wannan littafi ya fito da fim ɗinsa a 2019. In ya bi littafi sau da ƙafa, 'yan kallo za su ce yaushe otal ya ƙone, wa kuma ya ta da kuku daga kabari? In ya bi Kubrick, ya saɓa wa mai labari, wanda sai da yardarsa za a yi aikin. Ɗa guda, uba biyu, kuma iyayen ba sa ga maciji.

Yadda ya warware abin ya cancanci nazari. Kukun ya bar shi a mace kamar yadda Kubrick ya yi, amma ya dawo da shi a matsayin fatalwa mai yi wa Danny nasiha, ta haka aikin da yake yi a littafi bai salwanta ba. Otal ya bar shi a tsaye, kango a rufe. Sannan ya kai gumurzun ƙarshe cikinsa, ya sa Danny ya kunna tukunyar tururin ta fashe wuta ta tashi. Wato ƙarshen littafin 1977, wanda Kubrick ya yar, shi Flanagan ya tsinto ya liƙa wa fim ɗin 2019. A ƙarshe dai ya shawo kan King. Sai dai an biya farashi: Danny na littafi ya rayu, yana ƙirga shekarun da ya yi bai sha ba, na fim kuwa a wutar ya tafi. An kuma cire zancen cewa Abra 'yar 'yar'uwarsa ce ta jini.

A nawa ganin, sa'o'i biyun farko na fim ɗin, inda ya bi littafi, su ne masu rai. Wurin da ayarin Rose suka kama wani yaro ɗan wasan ƙwallo ya fi duk wata fatalwa tayar da hankali, domin muguntar mutum ce ba ta aljan ba. Amma da aka shiga otal, sai abin ya koma ziyarar kufai. Ga tagwayen 'yan matan nan, ga matar ɗaki mai lamba 237, ga jinin nan da ke malalowa daga ƙofar lifta. Ɗan kallo yana gane su ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin maƙwabta, wanda kuwa ka gane ba ya firgita ka. Ita kanta Rose da ta ga jinin murmushi ta yi ta wuce. Kasuwa ma ba ta yi wa fim ɗin daɗi ba, duk da masu sharhi da dama sun yaba.

Wasu magadan ko wannan sulhun ba su samu ba. Robert Bloch ya buga Psycho II a 1982, masu fim suka ajiye shi gefe suka yi nasu Psycho II a 1983 da wani labari dabam. William Peter Blatty ya rubuta Legion a 1983, magajin The Exorcist, shi da kansa ya ba da umarnin fim ɗin a 1990, amma masu kuɗin suka tilasta masa ya cusa fagen cire aljanu wanda babu shi a littafin, don sunan da za a sayar da shi ke nan. (Marubucin Kano da aka taɓa ce wa ya ƙara ruƙiyya ko waƙa a labarinsa zai gane zafin wannan.) A Japan kuwa, a 1998 aka saki Ringu da magajinsa Rasen rana ɗaya, dukkansu daga littattafan Koji Suzuki. Na farko ya karɓu, na biyu ya faɗi, domin littafin ya juya fatalwar rijiya ta koma zancen ƙwayar cuta da kimiyya, jama'a kuwa fatalwarsu suke so. Shekara na zagayowa aka yi Ringu 2, aka yi kamar Rasen bai taɓa wanzuwa ba.

Mu a nan Kano, auren littafi da bidiyo bai yi tsawon da za mu ga irin wannan rikici sosai ba. Daga Sangaya a 1999 kasuwa ta karkata ga rawa da waƙa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka fi son abin da zai fita da wuri, ofisoshin da suka cika titin Zoo Road kuma suka koma rubuta labaransu kai tsaye. Marubuta da yawa suka bar maɗaba'a suka zama masu rubuta fim. Amma da finafinai masu dogon zango suka bunƙasa a YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga: zango na biyu ya fito? Su kuma masu shiryawa sun sake juyowa kan littattafai, har da waɗanda ake rubutawa a waya.

Da na sake haɗuwa da ƙanen nawa, sai na tambaye shi ko sun yi rubutacciyar yarjejeniya a kan na ɗaya. Ya ce a'a, a baki aka yi. Na ce to mutum nawa suka karanta littafin, mutum nawa suka kalli fim ɗin? Ya yi shiru, don ya san inda na dosa. A wurin mafi yawan jama'a malamin nan ya rasu, sun ga jana'izarsa da idonsu. Na ce masa littafi na biyu nasa ne, ya rubuta shi da malaminsa a raye, kada ya canza ko wasali saboda kyamara. In kuma ya yarda a ɗauka, a zauna tun kafin a kunna fitila a rubuta wanda zai mutu da wanda zai rayu, kowa ya sa hannu. Ya ce, "To Malam, a fim ɗin fa, wa zai yi aikin malamin?" Na ce ya je ya duba ko marigayin ya bar almajiri.